Yadda ake tayar da motar da aka sayo daga hannun asirans bayan hatsari

Idan mota ta yi mummunan karo, kamfanin asirans, wato inshora, yakan turo ƙwararrensa, wanda ake ce wa eksifer, ya duba ta. Lissafi biyu yake yi: nawa motar za ta yi a kasuwa a ranar da abin ya faru, nawa kuma gyaranta zai ci. In kuɗin gyara ya kamo darajar motar ko ya wuce ta, sai ya rubuta cewa ba ta cancanci gyara ba. Daga nan mai mota yana da zaɓi. Ko ya bar wa kamfani fankon, wato motar da ta lalace, ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe fankon a cire masa kuɗinsa daga abin da za a biya shi. Mu ɗauka a misali an yi wa motar kuɗi sefa miliyan 4, an yi wa fankon jika 900. Wanda ya riƙe motarsa zai karɓi miliyan 3 da jika 100, a kuma cire kason da yarjejeniya ta ce shi ne zai ɗauka. In mai ita ya sallama, kamfani ya sayar wa wani.

Abin da ya sa mutane da yawa a Yamai suke riƙe motar shi ne, sau da yawa eksifer da farashin sababbin kaya yake lissafi, alhali a gari akwai kayan okaziyo, kuma kuɗin aikin hannu bai kai na Turai ba. Wannan gaskiya ne. Amma ribar tana tabbata ne kawai in ƙashin motar yana gyaruwa, kuma an bi aikin a jere: takardu, kwancewa, awo, miƙe ƙarfe, inji da ƙafa, kayan kariya, sannan fenti. Da yawa daga cikin motocin da suke ƙarewa a kan duwatsu a bayan garaji, an fara ne da sayen fitilu da kapo tun ba a auna komai ba.

Takardu tukuna

Kafin motar ta motsa daga inda aka ajiye ta, ka karɓi kwafin rahoton eksifer, da konsta, wato takardar bayanin hatsari, ta ƴan sanda ko ta jandarma, da takarda mai sa hannun kamfani wadda ta nuna fankon ya zama naka, da kart giriz, da takardun duwan. Rahoton eksifer yana da amfani ko a wajen gyara, domin ya jera kayan da ya ga sun lalace. Ka gwada lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke jikin mota da wadda ke kan kart giriz, ɗaya bayan ɗaya. In wurin da aka buga lambar yana cikin inda ya lanƙwashe, kada toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya yanke shi ko ya yi walda a kansa sai an sanar da ofishin da ke ba da takardun mota. Lamba mai alamar walda a gefenta, duk wanda ya gani zai ɗauka motar sata ce.

Asirans a Nijar yana bin dokar CIMA, wadda ta haɗa ƙasashen Afirka da dama masu magana da Faransanci, kuma inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna dole ce ga duk motar da za ta hau titi. Ka tambayi kamfanin tun yanzu ko zai sake ɗaukar motar bayan gyara, da kuma ko sai an sake yi mata duba. Ka ɗauki hotuna daga kowace kusurwa kafin a taɓa ta, ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Ranar da za ka sayar, waɗannan hotunan za ka nuna wa mai saye, ya san abin da yake saye.

Wajen ɗauko ta, a ɗora ta a kan babbar mota. Mai giya otomatik in aka ja ta da igiya inji a kashe, famfon man giya ba ya aiki, kuma jan da ya yi nisa zai iya ƙona bwat, wato akwatin giya, wanda hatsari ma bai taɓa ba. Kada kuma a tayar da injin don a ji muryarsa sai an duba mai da ruwa.

Motar da ba a taɓawa

Akwai alamun da in ka gan su, ka karɓi kuɗinka ka bar fankon. Rufin da ya yi tsini ko ya loɓa a saman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Bangon da ya raba inji da ɗakin zama ya turo ciki. Daɓen ƙasan ƙafar direba ya yi ƙunci, sai ka ɗaga kafet za ka gani. Ƙofofin baya ba sa rufuwa alhali a gaba aka yi karon. Duk waɗannan suna nuna bugun ya ratsa har ɗakin da mutane ke zama. Haka motar da ta ci wuta, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfe ko da bai sauya siffa ba, da wadda ruwan damina ya shanye har kujeru, wadda wayoyinta za su yi ta ba da wahala ɗaya bayan ɗaya har shekara. Wanda kuma ya ce zai yanko rabin wata mota ya haɗa da rabin taka a tsakiya, kada ka yarda ko kyauta ne. A karo na gaba a wurin waldar za ta rabe.

In ba ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a kwance gaban gaba ɗaya: parshok, fitilu, kapo, fikafikan gefe, radiyata da fankokinta. Kusoshi a zuba a leda daban-daban, a rubuta wurin kowanne. Sai an yi wannan ne ake yin lissafin gaskiya, kuma duk abin da lissafin ya ba ka, ka ƙara kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, don kullum akwai abin da ke ɓoye. In jimillar fanko da gyara ta kusa kuɗin irinta mai lafiya a kasuwa, aikin bai da riba, tunda motar da ta taɓa yin babban hatsari ba ta yin kuɗin wadda ba ta yi ba.

Awo da miƙe ƙarfe

Nan ne aikin yake. Ƙananan motoci irin su Corolla, Avensis da RAV4 ba su da shasi daban, jikin ne shasin. Ƙarafa biyu masu tsawo da ke ɗauke da inji, waɗanda masu garaji ke kira lanjaro, da kofunan da kan amortisa ke shiga, su ne ke riƙe tayoyin gaba a mazauninsu. In lanjaro ya kauce da milimita 10, ido ba zai gani ba, amma motar za ta riƙa ja gefe guda tana cin taya har ƙarshen rayuwarta.

Ana iya awo mai kyau ko babu na'ura. A samu daɓen siminti shimfiɗaɗɗe wanda bai karkata ba, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu masu tsayi ɗaya. A ƙarƙashin mota akwai ramuka da kusoshin da kamfani ya yi biyu-biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. A zaɓi biyu a can baya inda bugu bai kai ba, biyu a tsakiya, biyu a bakin lanjaro. Daga tsakiyar kowanne a sauke zare mai dalma irin na magina, a yi alama da alli a inda bakin dalmar ya nuna. Sai a auna a ƙasa, a giciye: daga alamar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu. Awon biyu kada su bambanta da fiye da milimita 3. A auna tsayin bakin kowane lanjaro daga ƙasa. A cikin ɗakin inji ma a yi giciye, daga kan kowace amortisa zuwa kusoshin gaba na ɗaya gefen. Giciye kaɗai ba ya kama matsalar in duka ɓangarorin biyu sun koma baya daidai da juna, shi ya sa ya kamata a samu mota irinta mai lafiya, shekara ɗaya samfuri ɗaya, a auna wurare guda, a rubuta a takarda, a manna a gilashi.

Wajen ja, a ɗaure jikin motar a wurare huɗu, a leɓen ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, don kada ƙarfin jan ya koma wani wuri ya lanƙwasa abin da yake lafiya. A ja ta hanyar da bugu ya shigo, a koma da shi baya. Abin da ya lanƙwashe a ƙarshe shi ake fara miƙewa. A ja kaɗan, sarƙa tana ɗaure a riƙa bubbuga gefen lanƙwasar da guduma a hankali don ƙarfen ya saki, a sassauta, a auna, a sake. Ƙarfe yakan koma baya kaɗan in an saki sarƙa, saboda haka awon da aka yi sarƙa tana ɗaure ba shi ne awo ba. A yafa tsohon bargo ko taya a kan sarƙar, kuma kada yaron garaji ko ɗaya ya tsaya a saitinta. Ɗaure mota a jikin bishiya a ja da wata mota da ƙarfin tsiya, kamar yadda ake gani a wasu wurare, yana yage walda ne a wurin da ba wanda zai duba.

Ƙa'idar ita ce: abin da ya lanƙwashe a hankali ana miƙe shi, abin da ya naɗe ya yi kaifi kamar takardar da aka ninke, sauya shi ake yi. Ko wanda za a sauya, a fara ja har sauran jikin ya dawo kan awo, sannan a yanke. In aka yanke tun farko, babu abin da za a kama a ja.

Batun wuta kuwa, a nan muke da tsauri. Toliye da yawa sun saba hura wutar gas a kan lanjaro har ya yi ja, don ya yi saurin miƙewa. A motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau, waɗannan ƙarafan na musamman ne masu ƙarfi, kuma wutar tana lalata ƙarfinsu. Za su miƙe, su yi kyau a ido, amma ranar wani karon za su murƙushe ba tare da sun tare komai ba. A miƙe su da sanyi. Sabon yanki kuma a haɗa shi yadda kamfani ya yi: a huda tsofaffin ɗigon walda da bakin milimita 8, a goge wurin ya yi fari, a shafa maganin tsatsa mai jure walda, a cike ramukan da injin walda na MIG, mai aiki da waya da gas, adadinsu kada ya gaza na asali. Walda mai sanda tana huda falle, wanda kaurinsa bai cika milimita 1 ba. Kafin kowace walda a cire batir, a nisantar da kwamfutar inji da bututun mai. Kafin a gama waldar kuma, a ɗora kapo da fikafikai da fitilu a gwada. Ratar da ke tsakanin ƙofa da fiffike ta zama milimita 3 zuwa 5, daidai daga sama har ƙasa. Faɗaɗa ramin kusa don kapo ya zauna alama ce ta cewa ƙashin bai miƙe ba.

Hilux da Land Cruiser suna da shasi nasu daban. A nan abin dubawa shi ne ko ɗaya ƙarfen ya koma baya ya bar ɗaya, ko shasin ya murɗe, ko ya sunkuya a bayan inji. Awon giciye guda ne, sai dai gara a ɗaga jikin a duba da kyau.

Sayen kaya

A Yamai ana samun ƙarafa da kayan okaziyo a wajen masu fasa motoci da kewayen kasuwar Katako, mutanen Tahoua kuwa sukan nema ta Birnin Konni ko su aika Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Wanda zai aika ya tura lambar shasi da hoton tsohon kayan, domin Corolla ta Amurka da ta Turai masu shekara ɗaya ba su da fitila ɗaya ko parshok ɗaya. A kula da kayan da aka ciro daga motocin Japan ko Ingila masu bolan, wato sitiyari, a dama: sandar sitiyari da dashbod ba za su shiga ba, fitilunsu kuma suna jefa haske a idon mai tahowa. Kapo, ƙofa, fitila, radiyata, na okaziyo na asali sun fi sababbi masu araha zama daidai. Rotil, wato gaɓar ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, bilet na sitiyari, wato sandar da ke karkata taya, bututun birki da boris na taya, waɗannan a saye sababbi.

Inji, sanyi da ƙafa

A duba kaskon mai a ƙasa ko ya tsage, da ƙafafun inji, da murfin bel na gaba. A juya injin da hannu, da sufana a kan kusar kuranki, zagaye biyu cikakku. In ya juya babu cijewa, a auna matsin kowane silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Injin da ya ci gaba da aiki bayan radiyata ta fashe mai yiwuwa ya ƙona gasket, kuma za ka gane ta kumfa a ruwa ko mai da ya koma kalar shayi da madara.

Radiyata mai kan roba da ta tsage, kada a liƙe ta da gam. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, ba zai bar ta ba. A sa wata, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske ba na famfo ba, a fitar da iska, a tsaya har fanka ta tashi da kanta. A mota otomatik bututun man giya biyu suna ratsa radiyata, a tabbatar an ɗaure su. Kilim kuma, wato na'urar sanyaya ɗakin mota, in kwandansa, ƴar radiyatar da ke gaba, ta fashe ta daɗe a buɗe, a sauya ta tare da matatarta, a zuƙe iska na minti 30, a zuba gas da sikeli gwargwadon abin da aka rubuta a takardar da ke ƙarƙashin kapo. Yawancin motocin nan gas ɗin R134a suke sha.

Duk tayar da ta sha bugu, a ɗauka hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe tayar daga ƙasa, amortisa, bilet da boris ɗinta sun taɓu har sai an gwada su da na ɗaya gefen. Ba a miƙe waɗannan, ba a yi musu walda. A auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. In akwai bambanci, ko hannu ya lanƙwashe, ko gadon da ke riƙe da shi ya zame. Janti na alminiyom da ya tsage a jefar. Sai an gama duk wannan a kai wajen saita ƙafa da na'ura, a karɓi takardar awon. In na'ura ta kasa kawo kusurwar ɗaya tayar daidai, a koma kan ƙarfe, kada a yarda a goge rami don a ci nasara.

Jakar iska da bel

Wannan shi ne wurin da aka fi ha'inci. Jakar da ta fashe ba ta ɗinkuwa. Wasu suna cusa tsumma a bolan su liƙe murfin, su sa ƴar resista a waya don fitilar gargaɗi ta mutu. Wanda ya yi haka ya sayar, ran mutum ya sa a caca. A sauya jakar direba da ta fasinja in sun tashi, da bel ɗin kujera da suka cije, domin suna da ɗan harsashi a ciki wanda sau ɗaya yake aiki, da na'urorin jin bugu na gaba, da zaren wayar da ke naɗe a bayan bolan in ya narke. Kwamfutar jakar iska takan riƙe bayanin karon, sai an sauya ta ko ƙwararre ya goge. Wayoyin wannan sashe suna da kai rawaya. Kafin a taɓa su a cire batir a jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma ba a gwada su da fitilar gwaji. In aikin ya yi, fitilar za ta kama in an murɗa makulli, ta yi kamar daƙiƙa 6, ta mutu. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwan ne.

Mastik da fenti

Mastik na cike ƙananan ramuka ne bayan guduma ta gama aikinta, kaurinsa kada ya wuce milimita 3. Mai kauri yana tsagewa a hanyar jan ƙasa mai gargada tun kafin shekara. Maganin ƙarfafa shi kashi 2 cikin ɗari ya isa, kuma da zafin nan a kwaɓa kaɗan-kaɗan don yana daskarewa cikin mintoci. A goge da takardar yashi lamba 80, sannan 180, sannan 320, a fesa share fage, a sake gogewa da 400 zuwa 600. Cikin lanjaro da bayan duk inda aka yi walda a fesa maganin tsatsa, a shafe haɗin da gam na jiki.

Lambar fenti tana kan takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba ko a ɗakin inji. A Toyota 040 fari ne, 1F7 ruwan azurfa, 202 baƙi. Amma rana ta riga ta cinye kalar motar, saboda haka a kai murfin tankin mai wajen mai haɗa fenti ya gwada da shi, a fesa a ɗan falle a duba a hasken rana. A yi feshi da sassafe, a wuri rufaffe, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a yi amfani da tina, wato ruwan tsinka fenti, mai jinkirin bushewa, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi. Ranar da hazon hunturu ya sauko, a ɗaga aikin. Gilashin gaba kuma da gam ɗinsa na musamman ake kafa shi, ba da silikon na gini ba, domin jakar fasinja a kansa take jingina in ta tashi.

Gwaji a hanya

A ɗaure kusoshin taya da sufana mai awo, Corolla 103 Nm take so a ma'aunin ƙarfin ɗauri. A fitar da iskar birki, a saita fitilu a jikin bango. A fara da unguwa a hankali, sannan a hau kwalta miƙaƙƙiya. A gudun kilomita 60 a sassauta riƙon bolan a ga ko tana ja gefe, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana kaucewa, a murɗa bolan har ƙarshe hagu da dama a saurari ƙarar kardan, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Wani ya biyo ta a baya ya duba ko tayoyin baya suna bin sawun na gaba. A watsa mata ruwa da tiyo a duba gefen gilashi da ƙasan kafet. Daga nan sai bizit teknik, wato duban lafiyar mota na hukuma, da asirans.

Bayan kilomita 500 a hau ramin garaji, a bi kusoshin ƙafa da na gadon inji ɗaya bayan ɗaya, a haska waldar lanjaro da tocila a nemi tsaga ko jan tsatsa. A shafa tafin hannu a kan tayoyin gaba: in gefe ɗaya ya fi ci, ko hannu yana jin kaifi ta fuska guda, a mayar da ita kan na'urar saiti, in saitin ya ce daidai ne kuma a sake sauke zare da dalma.